Ɗiya Cikin Rigar Maza: Me Tatsuniya Take Faɗa Mana?

 

Yau zancenmu a kan tatsuniya ne, amma wata iri daga cikinta wadda iyaye suka fara jin nauyin faɗa wa 'ya'yansu. Ina nufin labarun nan da za ki ji yarinya ta ajiye zane ta sa riga da wando, ta naɗa rawani, ta shiga cikin maza ba wanda ya gane ta, ko kuwa ki ji an haifi mutum mace, daga baya ya wayi gari namiji. Irin waɗannan labaru suna nan jibge a duniya, tun daga Sin har Rum, kuma yanzu an sa su tsakiya ana ja. A Turai da Amurka akwai masana da suka duƙufa suna tattara su, suna cewa ga shaida nan, masu neman jinsinsu da masu sauya jinsi sun daɗe a duniya. A nan gida kuwa, da wasu suka ji haka, sai suka ce to a binne labarun gaba ɗaya kada yara su ji. Ni dai a ganina kowane ɓangare ya yi gaggawa, kuma in muka binne su, mu mata mu ne da hasara, domin yawancinsu kukanmu suke yi.

Bari mu fara da wanda ya fi kusa da mu. Cikin Dare Dubu Da Ɗaya, littafin da aka juya da Hausa tun zamanin Turawa, akwai labarin Ƙamaruzzaman da matarsa Budur. Suna kan hanyar zuwa garin mahaifinsa suka yada zango, sai wani tsuntsu ya fizge wani dutse mai daraja na Budur daga hannun mijin, shi kuwa ya bi tsuntsun nan har ya ɓace. Budur ta farka ba miji, ga ta tsakiyar daji tare da bayi da barori maza. Ta san in suka gane ita kaɗai ce, ba abin da zai hana su wulaƙanta ta. Sai ta sa tufafin mijinta, ta naɗa rawaninsa ta ja amawali, ta zaunar da wata kuyanga a mazauninta a rufe, ta hau doki ta ce a tashi.

Haka suka isa birnin wani tsohon sarki mai suna Armanus, wanda ba shi da ɗa namiji sai ɗiya ɗaya, Hayatun Nufusi. Sarki ya ga saurayi kyakkyawa mai hankali, ya ce ga 'yata, ga gadon sarauta. Budur ta rasa ta cewa. In ta ƙi, ranta na cikin haɗari, in kuwa ta yarda, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta dai yarda, aka ɗaura aure. Daren fari ango ya tsaya salla har amarya ta yi barci, na biyu ma haka. A na uku amarya ta buɗe baki ta ce mahaifinta ya fusata, yana shirin ƙwace sarautar ya kore shi. Nan fa Budur ta kwance rawani ta faɗa mata gaskiya tun daga tushe. To, ku ji abin da Hayatun Nufusi ta yi. Maimakon ta ƙwala ihu ta tara dogarai, sai tausayi ya kama ta, ta ɗauki alkawarin rufa mata asiri, suka haɗa dabarar da ta toshe bakin tsofaffin gidan. Budur ta ci gaba da mulki, ta sauke wa talakawa haraji, ta buɗe kurkuku, jama'a suna sa mata albarka, har ranar da mijinta ya iso garin ta bayyana kanta ta miƙa masa sarautar.

Don Allah uwargida, wane ɓarna ke cikin wannan? Yarinyar da ta ji shi za ta koyi cewa kan da ke ƙarƙashin kallabi shi ne ya riƙe birni sa'ad da aka ɗora masa rawani, kuma mace ta rufa wa 'yar'uwarta asiri a lokacin da tona shi zai jawo kisa.

A ƙasar Sin suna da tasu, Mulan, wadda labarinta ya yi wajen shekara 1,500 ana ba da shi. Sarki ya sa a ɗebi namiji ɗaya daga kowane gida zuwa yaƙi, mahaifinta ga tsufa, ƙanenta kuwa yaro ne ƙarami. Ta sayi doki da sirdi ta tafi a madadin uban, ta shekara 12 cikin mayaƙa ba wanda ya san mace ce. Da aka ci nasara sarki ya yi mata tayin muƙami, ta ce ita dai a sallame ta ta koma gida.

A Rum kuma wani mawaƙi mai suna Obid ya rubuta labarin Ifis wajen shekara ta 8 bayan haihuwar Annabi Isa. Wani talaka a tsibirin Kirit ya ce wa matarsa mai ciki, in ta haifi mace a kashe, don shi ba shi da halin ɗaukar nauyin ɗiya. Ta haifi mace, ta ce namiji ne, aka raɗa suna Ifis wanda maza da mata duk suna amsa shi, aka rene ta cikin kayan maza. Tana shekara 13 uban ya nema mata auren wata yarinya, Iyanti, wadda suka yi karatu tare kuma suna son juna. Uwar ta yi ta ɗaga biki, yau ciwo gobe mugun mafarki, har dabara ta ƙare mata, ta tafi ta faɗi gaban abar bautarsu tana kuka. A labarin dai, nan aka mai da Ifis namiji, aka sha biki.

Masu kallon finafinan Indiya wataƙila sun taɓa jin sunan Shikandi, na cikin babban littafinsu Mahabarata. Sarki Durupada ya matsu da son ɗa namiji, aka haifa masa mace, ya shela wa duniya cewa namiji ne, aka koya mata harbi da hawa, har aka yi mata aure da ɗiyar wani sarki. Amarya ta gano, ubanta ya ɗaura yaƙi. Shikandi ta gudu daji da niyyar ta mutu can ta huta, sai wani aljani ya tausaya mata suka yi musaya, ya ba ta mazantakarsa ya karɓi matantakarta.

Yanzu ku jera labarun nan ku duba. Wa ya sa wa yarinyar nan wando? A wajen Ifis da Shikandi uba ne wanda bai ɗauki ɗiya a bakin komai ba. A wajen Mulan gida ne da ba ɗa namiji babba. A wajen Budur hanya ce wadda mace ba ta isa ta bi ita kaɗai da mutuncinta ba. Watau mutanen da suka tsara labarun nan, wanda ke Sin bai san na Kirit ba, amma ciwo ɗaya suka gani: duniya ta rufe wa ɗiya mace ƙofa, har sai ta ari rigar wani kafin a buɗe mata.

Kada ku ce wannan tatsuniya ce kurum. A Afganistan an san al'adar da gidan da ba ɗa namiji sukan aske wa ɗiya kai, su sa mata kayan maza da sunan maza, don ta je kasuwa ta raka uwarta, sa'an nan in ta balaga a mai da ta cikin lulluɓi. A duwatsun Albaniya akwai matan da sukan rantse ba za su yi aure ba har abada, su zama mazan gida, don kada gado ya fita daga hannunsu. Mu ma nan ba mu tsira ba. Sau nawa ungozoma ta fito ta ce "an sami mace", fuskar maigida ta canza, dangin miji suka fara yi wa maijego habaici? Sau nawa aka yi wa mace kishiya don ta jera mata huɗu, alhali likitoci sun tabbatar cewa daga wajen uba ne ƙwayar da ke sa ɗa ya zama namiji ko mace take fitowa? Alƙur'ani mai girma cikin Suratun Nahli ya zargi mutumin da fuskarsa ke baƙi in an yi masa bushara da ɗiya. Tatsuniyar Ifis wannan mutumin take nuna mana, da abin da halinsa ke jawo wa matarsa da 'yarsa.

Amma fa ba zan ce muku abin ya tsaya nan ba. Mulan ta koma gida ta ɗaura zanenta da murna, Budur ta koma ɗakin mijinta. Ifis kuwa son Iyanti take yi tun tana mace, Shikandi kuma bai sake komawa mace ba har mutuwarsa. Mutanen dā sun lura akwai waɗanda jikinsu, ko ɗabi'arsu, ko zuciyarsu, ba su zauna daidai cikin kwandon da aka tanada musu ba, kuma da yake ba su da asibiti ba su da littafin likita, sai suka sa abin cikin labari suka kira aljani ya warware. A nan masanan Turai suna da gaskiya. Inda suka zarce shi ne inda suke ɗaukar kowace yarinya mai wando su sa ta layi ɗaya. Ga misali daga ƙasar Ibo: Ahebi Ugbabe ta Enugu-Ezike, wadda ta rasu a 1948, ta zama sarki zamanin Turawa, har ta auri mata. A al'adarsu mace mai dukiya takan biya sadakin wata don 'ya'yan da za ta haifa su ɗauki sunanta su gaje ta. Maganar gado ce da arziki. Wanda ya auna wannan da mudun Landan zai sami awo ba daidai ba.

Masu cewa duk wannan baƙon abu ne da jirgi ya sauke mana, su ma su dubi gida. Wace ce cikinmu ba ta ga tashen Mairama da Daudu ba cikin watan azumi, inda yarinya takan sa riga da hula ta zama miji, manya na dariya suna ba da hatsi? A wajen masu bori, in iska namiji ya hau mace, rigarsa da rawaninsa ake sa mata, da muryarsa take magana. Masu bincike sun ce sunan 'yan daudu ma daga Daudu ya samo asali, watau wani suna na Ɗan Galadima cikin iskokin bori. Ba ina kiran kowa zuwa bori ba ne, tarihi nake faɗa. 'Yan daudun nan kuwa kakanninmu sun san su a tasha da kasuwa da gidan biki suna tuƙa tuwo suna suyar kaji, tun ba a san talabijin ba. Sarauniya Amina ta Zazzau fa, wadda muke alfahari da ganuwarta? Labari ya ce ta ƙi zaman aure ta riƙi takobi shekara 34. Da a unguwarmu aka haife ta yau, wane suna za mu sa mata?

Malamanmu ma ba su kau da kai daga wannan magana ba. Cikin littafin Sira na Ibn Hisham akwai labarin wani alƙalin Larabawa na zamanin jahiliyya, Amiru ɗan Zaribi, wanda aka kawo wa shari'ar gadon mata-maza: rabon namiji za a ba shi ko na mace? Dattijon nan ya kwana yana juyi bai runtsa ba. Baiwarsa mai kiwon tumaki, Sukaila, ta tambaye shi abin da ya hana shi barci, da ƙyar ya faɗa mata. Ta ce ai wannan mai sauƙi ne, a duba ta inda yake fitsari, hukunci ya bi nan. Da safe ya fito ya yanke shari'a da maganarta. Ku duba fa, abin da ya gagari alƙali, yarinya mai kiwo ta warware. Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda manyan almajirai ke karantawa a zaurukanmu, da mas'alar gadon mata-maza aka rufe shi: in an kasa ganewa, a ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Watau shari'a ta san da shi, ta ba shi haƙƙinsa cikin dukiyar ubansa. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya raba namiji mai ɗabi'ar mata gida biyu: wanda aka halitta haka, muryarsa da tafiyarsa ba shi ya ƙirƙira ba, wannan ba zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan, shi ne abin zargi. Wasu malamai sun ƙara da cewa na farkon ya yi ƙoƙarin bari sannu a hankali gwargwadon ikonsa. Risala kuwa, wadda ko a makarantun matan aure ana karanta ta, ta ce wanda ya jefi mutum da luwaɗi ba shaida, haddin ƙazafi ya hau kansa, bulala 80.

Kun ga malamai sun rarrabe abu uku: halittar jiki daban, ɗabi'a daban, aiki daban. Mu ne muka zuba su tukunya ɗaya muka tuƙa, kuma 'ya'yanmu ne ke cin tuwon.

Na fari, jariri. In aka haifi yaro ungozoma ta duba ta kasa cewa namiji ne ko mace, abin da aka saba shi ne a rufe ɗaki, a yi ta ƙus-ƙus, a zaɓi suna da ka don kada ranar suna ta zo a ji kunya, wani lokaci har a kira wanzami. 'Yan'uwa, wannan kuskure ne mai iya cin rai. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kawo haka wata cuta ce ta 'yar tsokar da ke bisa ƙoda, wadda takan sami wajen jariri 1 cikin 15,000. Takan sa 'ya mace ta fito da kamar gaban maza, kuma da yawa cikin masu ita gishiri da ruwan jikinsu kan tsiyaye cikin mako na biyu ko na uku. Sai ki ga jariri ya ƙi nono, yana amai, ya yi laushi, in ba a kai shi asibiti ba ya tafi. Alhali akwai maganin da ake sha kullum yaro ya rayu ya girma. Saboda haka a nufi babban asibiti tun kafin suna, kada a bari aska ta taɓa shi. Kunyar kwana bakwai ba ta kai ran ɗa ba.

Na biyu, yaron da ke son zama kusa da murhu yana taya uwarsa tsinkar zogale, da yarinyar da ta fi son hawan keke da ƙwallo a kan 'yar tsana. Da mun gani sai mu ce "ɗan daudu", "mata-maza", a gaban ƙannensa da abokansa. Uwargida, sunan da kika kira ɗanki da shi cikin fushi, unguwa za ta riƙe shi shekara 30. Yaron da aka yi ta muzantawa a gida ba gyaruwa yake yi ba, guduwa yake yi, kuma tasha ba ta mai da kowa. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In kin ga abin da ya dame ki, ki ja shi ɗaki ku yi magana, ki ji ta bakinsa, ki yi masa addu'a. Iya girki bai taɓa rage wa namiji komai ba, hawan keke kuma bai hana mace zama uwa tagari.

Na uku, harshenmu a kan 'ya'yan wasu. A makarantun kwana na 'yan mata, ƙawaye biyu sukan shaƙu, sai wata mai jin haushi ta yaɗa cewa maɗigo suke yi, kafin a bincika magana ta kai gida, an cire yarinya daga makaranta, karatu ya ƙare. A watan Janairu na 2014 aka sa hannu a dokar Nijeriya da ta hana auren jinsi ɗaya. Wata ɗaya bayan haka wasu mutane ɗauke da sanduna da ƙarafa suka bi gida gida da dare a unguwar Gishiri ta Abuja, suka fito da samari fiye da 10 suka yi musu dukan kawo wuƙa. Ba alƙali, ba shaida. Kowane ɗaya cikin samarin nan mace ce ta yi naƙudarsa. Ko me mutum yake gani game da aikin da ake zarginsu da shi, ba addini ba doka da ta miƙa wa 'yan unguwa sanda. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle in ƙarya ne.

Na san wata za ta ce, to, in muka riƙa faɗa wa yara irin waɗannan labaru, ba za mu sa musu abin a rai ba? Tambaya ce mai kyau. Amma mun tashi muna jin Gizo yana sata yana ƙarya kowane dare, ba mu zama ɓarayi ba, domin mai ba da labarin tana nan zaune, tana nuna mana inda ya yi daidai da inda ya kauce. Kuma yau yarinyar da ke da waya a hannu za ta gamu da maganar nan ko kin so ko kin ƙi. Zaɓin da ya rage miki shi ne ta fara ji daga bakinki, a kan tabarmarki, inda za ta iya tambaya ki amsa, ko kuwa ta ji daga bakin wanda ba ki sani ba. Lalle a duba shekarun yaro, abin da za a faɗa wa 'yar sakandare ba shi za a faɗa wa 'yar aji biyu ba. Wannan kuwa kowace uwa ta san awonsa.

Ku kuma 'yan makaranta ga aiki na ba ku. In an yi hutu, ku sami kakanninku mata da littafi da alƙalami, ku ce su ba ku tatsuniyoyin da suka ji suna yara, musamman waɗanda mace ta yi abin da aka ce sai namiji. Ku rubuta yadda suka faɗa, kada ku gyara kada ku rage. Tatsuniyoyin Hausa da Bature Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 yawanci malamai maza ne suka rubuta masa su, alhali tatsuniya a ɗakin mata take kwana. Abin da ke bakin tsohuwa in ta tafi ya tafi ke nan. Wadda ta samo mai daɗi ta aiko mana wannan fili, da sunan garin da aka ji ta.

Allah ya shirya mana zuriya, maza da mata, ya ba mu haƙurin renonsu, ya tsare harsunanmu daga 'ya'yan mutane. Sai mun sake saduwa.